Falon Aro

Injiniya ba injiniya ba ne. 'Yan layi ne suka laƙa masa sunan saboda shi ke gyara musu talabijin da firji da fanka a wani ɗan shago da ke bakin titi, shi kuma da yake sunan ya yi masa daɗi bai taɓa musawa ba. Hannunsa na da albarka, aljihunsa ne dai kullum a bushe. Ga shi da wani hali mai ban haushi: ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce maƙwabci ya san babu a gidansa. Rigar fitarsa guda ce, amma kullum a goge take ƙal, in ka gan shi da safe sai ka rantse wani babban ofis zai shiga.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ita Allah ya ba kai. Ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka yi ta nuna wa juna, har wata jami'a mai zaman kanta ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Ranar da Injiniya ya ji kuɗin makarantar, dariya ya yi, irin wadda ba ta kai ciki ba, don ko zai sayar da shagon da kayan mutanen da ke ciki ba zai kamo ko rabi ba. Amma jami'ar tana da asusun tallafi na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Auta ta nema, ta yi jarrabawarsu ta ci, suka kira ta hira ta burge su. Abu ɗaya ya rage, wata ma'aikaciyar asusun za ta zo gida ta ga iyayen. In ta gamsu, Auta ta shiga jami'a. In ba ta gamsu ba, sai ta ci gaba da tsaron kantin maganin da take ɗan taimakawa da safe.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji Auta. "Zuwa kawai za ta yi ta ga yadda muke."

Ai kuwa nan ta taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ta ga yadda muke! Injiniya ya bi falon da kallo: benci guda, kujerun roba biyu, ɗaya ma an ɗaure ƙafarta da waya, ledar ƙasa duk ta tsattsage, sai teburin da Auta ke karatu a kai. A nan za a sauke baƙuwa daga makarantar 'ya'yan manya? A ganinsa, makarantar da ake kai yara a mota ba za ta ɗauki yarinyar da ta fito daga irin wannan ɗaki ba. Nan take ya yanke shawara a ransa.

Ranar da baƙuwar za ta zo, Auta na fita kantin magani ya hau aiki. Daga shago ya sa mai baro ya kawo wata ƙatuwar talabijin da ya gama gyarawa mai ita bai zo ɗauka ba, da firjin wata nas, da fanka mai tsaye. Sannan ya shiga gidan Tela, maƙwabcinsa, ya ari kujerun kushin da kafet. Ba zai iya cewa aro ba, sai ya ce wani ɗan'uwansa ne ke son ganin samfurin kujerun zai sa a yi masa irinsu. Tela ya dube shi, ya dubi kujerun, ya ce, "To, Allah ya sa su yi masa." Har ya taya shi ɗauka.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin da hannu a ƙugu.

"Baban Auta, zanen aro fa ba ya rufe katara."

"Ke ba ki san manyan mutane ba. Baƙonka annabinka. Matsa min wannan bencin zuwa ɗaki."

Ta matsar, tana gunguni. Kafin rana ta yi tsaka falon ya koma wani wuri daban, har shi kansa Injiniya ya tsaya yana sha'awarsa, ya ji a ransa da ma haka ya kamata a ce yake.

Auta ce ta taro baƙuwar a bakin titi ta shigo da ita. Wata dattijuwa ce mai tabarau da takalmi mara tsini, da jaka a kafaɗa, Malama kawai Auta ke kiranta. Yarinyar na ɗaga labule ta tsaya cak kamar ta yi ɓatan gida. Ta dubi talabijin, ta dubi uwarta, uwar ta kau da kai. Injiniya kuwa sai washe baki yake, yana nuna wa Malama kujerar da ta fi laushi, ya karkato mata fanka, aka kawo lemo mai sanyi a kan faranti.

Malama ta yi gaisuwa mai kyau, ta yaba ƙoƙarin Auta, sannan ta tambayi sana'a.

"Sai godiya," in ji Injiniya, yana gyara zama. "Aiki har ya yi mana yawa. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, ba mu nemi komai mun rasa ba."

Matarsa ta yi tari. Bai kula ba. Ya ci gaba da zuba, yana jin daɗin muryarsa a cikin falon da kafet ya tausasa. Malama na saurare, idonta na yawo daga firji zuwa talabijin. Ba ta ma ciro abin rubutu ba. Da ya kai aya, sai ta ajiye kofin a hankali.

"Malam, bari in faɗa maka gaskiya, don ba na son ku yi ta jira. 'Yarka tana da ƙoƙari, kowa a ofishinmu ya yaba. Amma asusunmu ba shi da yawa, masu nema kuma sun fi shi yawa. Na yaran da in ba mu ba, karatunsu ya tsaya ne. Ku kuwa na ga Allah ya hore muku. Dole abin da na gani shi zan faɗa."

Ta miƙe. Fankar mutane kuwa tana ta juyi. Sai a lokacin Injiniya ya gane abin da aka zo gani, ya kuma gane cewa garin neman gira ya rasa ido. Ya dubi Auta, yana jiran ta yi magana, ta ce Malama wannan duk ba namu ba ne. Kalma ɗaya ta ishe ta. Amma yarinyar ba ta faɗa ba. Ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Malama," sannan ta karɓi jakar don ta raka ta. Ta gwammace ta rasa jami'ar da ta kunyata ubanta a gaban baƙuwa. Wannan abu ya sa Injiniya ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Malama," ya ce. "Don Allah koma ki zauna. Kujerar da kika tashi a kai ma ba tawa ba ce."

Ya faɗa mata duka, yana nunawa da yatsa. Talabijin ta wani ce da ya kawo gyara. Firjin na nas ne, ya buɗe shi ta gani, babu komai ciki sai kwalbar lemon da aka zuba mata. Kushin da kafet na Tela ne. Malama ta saurara, amma fuskarta ba ta saki ba.

"Malam, na sha zuwa gidajen da ake ɓoye kaya kafin in iso. Yanzu kai ka ce min akwai, da ka ji sharaɗin kuma ka ce babu. In na koma ofis, wanne zan ce musu?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ya san gaskiya ta faɗa. Ya dubi ƙofa. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce kuma wadda ya yi shekara da shekaru yana gudu. Ya ɗaga labule, ya fita har tsakiyar layi, da rana tsaka, mutane na zaune a ƙofar gidajensu, ya ɗaga murya.

"Tela! Zo ka kwashi kujerunka da na ara!"

Tela ya leƙo da tef rataye a wuya. "Injiniya, ɗan'uwan naka har ya gama ganin samfurin?"

"Babu wani ɗan'uwa. Aro na yi don in burge baƙuwa. Zo ka ɗauka, ka kira min mai baro."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kan ka ce me, layi ya cika. Aka fito da kushin ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe kafet, ledar ƙasa ta bayyana da duk tsagarta. Aka ɗora firji a baro, sai ga nas ɗin ta dawo daga aiki ta yi kiciɓis da shi, ta ce, "A'a, Injiniya, ashe an gyara, yawon shan iska kake kai min shi?" Dariya ta ɓarke. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa cikin gogaggiyar rigarsa, zufa na bin bayansa, bai sunkuyar da kai ba, amma Allah kaɗai ya san abin da ya ji. Matan layi kuwa suka kewaye Malama ba tare da an tambaye su ba, kowacce na ba ta labarin yadda Auta ke koya wa 'ya'yansu lissafi kyauta.

Da aka watse, matarsa ta fito da bencin daga ɗaki. Malama ta zauna a kai, ta ciro abin rubutu, ta ce, "To, yanzu na iso gidan. Mu fara daga farko." Wannan karon da ta tambayi sana'a, ya faɗa mata yadda take: wata rana a samu, wata rana a rufe shago ko sisi ba a yi ba. Da za ta tafi ba ta yi alkawarin komai ba, ta dai ce za su ji daga gare su.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Ya zaci ba zai iya haɗa ido da kowa ba, sai ya tarar babu wanda ya yi mamaki. Tela ne ya fito masa a fili. "Haba Injiniya, mu da muke layi ɗaya? Wa kake ɓoye wa? Ni fa na sha juya maka wuyar rigar nan." Ashe duk shekarun nan mutane sun sani, kara kawai suke masa. Bai san ko ya yi fushi ko ya gode ba, sai ya yi dariya, wannan karon har ciki.

Yana shago wata safiya, kansa cikin bayan wata rediyo, ya ji ana kiran "Baba! Baba!" tun daga nesa. Auta ce a guje, waya a hannu, gyale na neman faɗuwa. An ba ta tallafin. Kuɗin makaranta, ɗakin kwana, littattafai, har ta gama. Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zauna a kan wata matacciyar talabijin, ya yi kuka a gaban kowa, bai damu da wanda ke kallo ba.

Washegari ya shiga mota har jami'ar, don a wurinsa ba a karɓar alheri a zauna a gida. Ya sami Malama a ofishinta, ya yi mata godiya har ta gaji da amsawa, sannan ya ce ta nuna masa gidan mai kuɗin da ya biya, ya je ya durƙusa masa.

"Ba mutum ɗaya ba ne, Malam. Mutane ne da yawa. Akwai masu hali, akwai tsofaffin ɗalibanmu, akwai malamai da direbobi da 'yan kasuwa da ke sa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Yawancinsu sun ce kada a faɗi sunansu."

"Ko ɗaya ba za ki faɗa min ba?"

"Ko ɗaya. Wataƙila ma ka taɓa zama kusa da wani a mota."

Ya fito da godiya cike da ciki, ya rasa ƙofar da zai kai ta. A motar komawa ya riƙa satar kallon mutanen da ke zaune: wata mata da kwandon kaya a cinya, wani dattijo mai gyangyaɗi, wani saurayi da ke ta danna waya. Kowanne ya duba sai zuciyarsa ta ce, ko shi ne?

Bai daɗe da buɗe shago ba wani mutum ya tsaya da tsohuwar rediyo a hammata. Injiniya bai taɓa ganinsa ba. Takalmansa sun sha tafiya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Injiniya ya miƙe tsaye, ya goge kujerarsa da hannun riga, ya tura masa.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Zauna. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Mutumin ya dube shi da mamaki. "Ai ban ma faɗi abin da ya kawo ni ba."

"Na sani," in ji Injiniya, ya karɓi rediyon da hannu biyu. "Na gode dai."