Surukar Inna Balaraba daga Jamus

Tun da Abdulbaqi ya aiko cewa zai zo garinsu Surko da matarsa Baturiya, Inna Balaraba ta kasa zama wuri ɗaya. Shi ne ɗanta na fari, likita ne a Jamus, can ya yi aure da yardar mahaifinsa. Abin da take son gani da idonta shi ne irin zaman da mace mai suna Katrin za ta yi a kan tabarma.

Ranar da suka iso, Katrin ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa har ƙasa, mayafinta yana zamewa tana kamowa, ta ce, "Ina wuni, Inna," da wata Hausa mai tsalle-tsalle. Inna ta amsa, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Shi kuwa Abdulbaqi, da ya gaishe ta, gefe ta kalla, ta tambaye shi hanya a taƙaice, ta tura shi wajen babansa.

Kwanaki suka wuce Inna tana lura. Baƙuwar tana cin tuwo da hannu, ba ta shiga ɗaki sai da sallama, har ƙananan yara take durƙusa wa, matan gida suna rufe baki da gefen zane. Amma duk lokacin da Abdulbaqi ya shigo, sai ta dubi Inna, ta dube shi, fuskarta ta canza.

Wata la'asar suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Katrin ta yi wa Najiba magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Najiba, ƙanwar Abdulbaqi da ke koyarwa a Birnin Kudu, ta fassara wa Inna. Wai Katrin tana tambaya ko Inna fushi take yi da ɗanta saboda ya aure ta, don ba ta taɓa jin ta kira sunansa ba, sai "likita" ko "mijinki".

Inna ta yi dariya har ta share ido. Ta sa Najiba ta bayyana mata cewa kunyar ɗan fari ce, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Sai ita ma tambaya ta taso mata.

"To ke uwarki, yaya take yi da shi?"

Katrin ta ce sunansa take kira gatsal, kuma ranar da suka fara haɗuwa uwar ta buɗe hannu za ta rungume shi. Inna ta ajiye gyaɗar. Suruka, ta rungumi suruki? Katrin ta ce ai bai tsaya ba, baya ya ja ya durƙusa yana gaisuwa. Tsohuwar ta zaci wani abu ya yar, ita ma ta sunkuya tana taya shi nema a ƙarƙashin kujera.

Matan gida suka kwashe da dariya. Katrin ta ƙara da cewa yanzu sun fahimci juna: uwarta ta daina miƙa masa hannu, ta ware tukunyar da naman alade bai taɓa shiga ba, shi kuma ya koyi zuwa a kan lokaci da kai mata furanni. Inna ta tambaya ko miya ake yi da furannin. Aka ce a ruwa ake sawa, a yi ta kallo. Ta jinjina kai, ta ce tana son ganin matar nan.

Katrin ta yi mata kiran bidiyo a waya. Wata tsohuwa mai farin gashi ta bayyana, ana ce mata Renate. Maganar Inna sai ta bi ta bakin Najiba, ta bi ta bakin Katrin, sannan ta isa Jamus, amsa ta dawo ta wannan hanya. Renate ta nuna lambunta na kabeji, Inna ta ɗaga wayar ta nuna mata zogale da awaki. Can Inna ta leƙa bayan tsohuwar, ta ga ɗakin shiru, ta tambaya su waye a gidan. Aka ce ita kaɗai ce, kuma haka take so.

Inna ta daɗe tana juya wannan magana bayan an kashe wayar. Da magariba ta gabato, ta ce wa Najiba a gyara ɗakin da ke kusa da nata bayan girbi, a tambayi Renate ko tana iya jure zafi.