Ranar da Aƙiƙ Ya Kawo

Khalida na rungume da dardumar falo a tsakiyar matakala lokacin da wayarta ta sake yin wannan ƙara mai tsinka zuciya. Ko dubawa ba ta yi ba. Tun safe saƙon ɗaya ne yake ta dawowa daga hukuma: guguwa mai ƙarfi tana tahowa daga wajen teku, da ruwa da ƙanƙara, kowa ya nisanci kwari da hanyar ruwa. An ba makarantu hutu, har da wadda take koyarwa, sai ta mai da hutun ranar aikin gayya, ita kaɗai ce kuma 'yar gayyar.

Gidansu ne na ƙarshe a layin da ya gangara wajen kwarin Aƙiƙ. Bara waccan ruwa ya shigo musu har idon sawu, ya jiƙa katifu, gidan ya yi wata yana warin danshi. Yau ta rantse ko cokali ba za ta bar wa ruwa a ƙasa ba. Ta kwashe komai ta kai ɗakin sama, ta jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Amma abin da ya fi damun ta ba ya ɗaukuwa a kai sama, don yana zaune a kujerarsa yana kallon ta yana jan carbi.

Baba Abdussamad ya haura tamanin. A Madina aka haife shi, a nan ya tsufa yana tuƙa motar alhazai, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙafa. Kunnensa ya yi nauyi, zuciyarsa sai da magani. Kuma kamar sauran tsofaffin garin, da zarar an ce Aƙiƙ ya kawo, ƙafarsa ba ta zama. Shi da marigayiya Ƙaltume, mahaifiyar Khalida, da fulas ɗin shayi da tabarma suke fita, su zauna a gaɓa suna kallon ruwa kamar an kawo musu amarya. Tun da ta rasu abin bai bar shi ba, sai ma ƙaruwa.

"Khalida, an duba indararon suɗuhu?" ya tambaya. Suɗuhu shi ne saman soro a bakin mutanen gidan, indararo kuwa kalmar kakansa ce da ya ƙi saki.

"Suhaib zai duba, Baba."

"Suhaib," in ji shi, kamar mai ɗanɗana miyar da ba gishiri. "Tun bara ƙanen naki yake dubawa. Tantabaru sun yi gini a ciki har sun aurar da jikoki."

"Ma'alesh, yi haƙuri, in ya taso aiki zai duba. Baba, yau dai ba zuwa Aƙiƙ. Ka ji?"

"Me?"

"Na ce ba Aƙiƙ!"

Ya gyara abin jin da ke kunnensa, ya kalli silin. Kunnen Baba yana da zaɓi: in an ce shayi ya dahu, daga ƙuryar ɗaki yake ji. Don haka da ya shiga alwalar azahar, Khalida ta ɗauke sandarsa ta cusa a bayan firji. Ba ya iya gangara layin ba sanda. Ta ji kunyar abin har cikin ranta, ita ce yau take ɓoye wa uban da ya koya mata tafiya sandarsa, amma ta ce gara kunya da jana'iza.

Bayan salla ya shiga ɗaki ya kwanta, ita kuma ta ci gaba. Ta hau saman soro ta kwashe shanya, ta ɗaure kujerun roba, ta sauko da kaya niƙi-niƙi. Ta cire wayoyin lantarki, ta cika tulu da robobi, ta yi cajin fitila. Can ta ji ƙofar saman soron tana bugawa, iska ta fara. Ta haura da gudu, ƙura ta watso mata a fuska, ta runtse ido ta jawo ƙofar ta zura sakata. Ta sauko tana ƙirga abin da ya rage a ranta, tana jin daɗin kanta.

Dab da la'asar gari ya yi duhu kamar magariba. Ta ɗauki ƙwayar maganinsa da ruwa ta tura ƙofar ɗakinsa.

Gado ba kowa. Wayarsa tana kan filo, abin jinsa yana kan tebur.

Ta leƙa banɗaki, ta leƙa kicin, ta hau ɗakin sama tana kira. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar saman soro, sakata tana nan a zure ta ciki yadda ta bar ta, sai ta juya. Sannan ta tuna, ta koma kicin ta zura hannu bayan firji. Ba sanda. Kofin ruwan ya zame daga hannunta.

Ta kira Suhaib, wanda yake aiki a wani shago can wajen Uhudu. Shi da ma in an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa.

"Baba ya fita. Ya tafi Aƙiƙ."

"Kef ya fita? Ke kina fen?"

"Ina gida! Ina cikin gidan ya fita!"

Ya ce hanya ta cushe, amma ga shi nan, ta jira shi. Ba ta jira ba. Ta zura abaya, ta tsallake buhunan yashinta, ta yi waje.

A bakala, wato shagon kayan masarufi da ke kallon gidansu, Haladu yana ta ɗora buhunan shinkafa a kan kanta. Mutumin Haɗeja ne, ya zo aiki shekarun baya, kuma shi ya san abin da ruwa yake yi wa gari.

"Haladu, ka ga wucewar Baba?"

"Wallahi, Hajiya, ban gani ba, kaina yana cikin kaya. Lafiya?"

"Ya tafi kallon ruwa."

Haladu ya sauke buhun. "Inna lillahi. Ni abin mutanen garin nan yana ɗaure min kai. Mu a gida in an ce ruwa na zuwa, tudu muke nema. Nan kuma sai a dafa shayi a tafi tarye. Je ki, ni zan sa ido a ƙofar."

Kafin ta kai mota ɗigon farko ya sauka, manya-manya, masu zafin bugu. Kafin ta kai ƙarshen layi sama ta ɓalle. Ƙanƙara ta riƙa dukan rufin motar har ba ta jin addu'ar da take yi da bakinta. Iska ta karya reshen dabino ta jefa a gabanta, ta kauce da ƙyar.

A bakin kwarin kuwa, kai ka ce Idi. Motoci sun yi layi, mutane a ciki da fulasai da wayoyi a ɗage, 'yan sanda suna ta kora suna busa usur, wanda aka kora nan ya koma can. Ta ajiye motar yadda ta samu, ta fita cikin ruwan, ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa gilashi tana nuna hotonsa. Wani tsoho baƙi, dogo, da sanda? Kowa sai ya girgiza kai ya ce Allah ya bayyana.

Ta gangara wajen tsohuwar bishiyar magaryar da iyayenta suke shimfiɗa tabarma. Ba kowa a ƙarƙashinta. Tana nan tsaye ta ji wani ruri daga kudu, kamar manyan motoci sun jero. Sai ga ruwan. Jajir yake, mai kauri, ya taho da itace da jarkoki da wata ƙofar langa-langa, ya cika kwarin da ɗazu yake busasshe kamar bai taɓa bushewa ba. Mutane suka ɗauki kabbara da sowa. Ita kuwa duk farin abin da ya wuce a kan ruwan, jallabiyar Baba take gani.

Ta hango wani tsoho a jikin shinge, ta ruga ta kama hannunsa tana cewa Baba. Ya juyo, baƙuwar fuska. Nan ƙarfinta ya ƙare, ta fashe da kuka a gaban mutane, abin da ko ranar rasuwar mahaifiyarta ba ta yi ba.

Wani ɗan sanda ya zo ya ja ta baya. Ya karɓi suna da kamanni, ya faɗa a rediyonsa, ya ce tun kafin ruwa suke nan, ba su bar kowa ya sauka ba. "Koma gida, ya ukhti. Tsofaffi sukan fake a masallaci. Wataƙila ma ya riga ki komawa."

Ta biya masallacin unguwa, ladan ya ce yau bai ga Abdussamad ba. Ta juyo gida a hankali, ruwa yana gudu a layin har rabin taya. Ƙanƙarar ta ɗauke, saura ruwa tsagwaronsa. Ta tsaya a ƙofar gida ta kasa fita daga motar, don ba ta san abin da za ta yi da gidan ba in ta shiga ta tarar ba shi.

Haladu ya taho da buhu a ka ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Bai dawo ba, Hajiya, idona yana kan ƙofar. Amma ki gyara motar nan, indararonku zai fasa miki gilashi. Tun da na zo layin nan ban taɓa ganin ya zubar da ruwa ba, yau har rumfata yake kaiwa."

Ta ɗaga kai. Daga saman gidansu ruwa yake feshowa, kauri kamar cinyar mutum, yana dukan tsakiyar titi. Indararon da tantabaru suka toshe. Wanda Suhaib zai duba.

Ta bar motar a buɗe. Ta faɗi a kan buhunan yashin, ta tashi, ta haye matakalar bibbiyu. Sakatar ta ƙi zaruwa, sai da ta sa hannu biyu.

Yana zaune a kan kifaffen bokiti a ƙarƙashin rumfar tankin ruwa, jallabiyarsa ta manne a jiki, hularsa a gwiwa. Sandar tana jingine kusa da shi, bakinta duk taɓo, ga tarin ciyayi da fuka-fukai da ya zaƙulo a gefe. Yana rawar sanyi, amma fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Na ƙwanƙwasa, ya binti," ya ce, "na ƙwanƙwasa, sai na ce to, masu gidan sun yi tafiya."

Ta durƙusa a cikin ruwan ta kama ƙafafunsa. Ta taɓa goshinsa, ta taɓa ƙirjinsa, ta ji zuciyar tana aikinta. Alhamdu lillahi kawai take maimaitawa, wani sanyi yana sauka a jikinta wanda ba na ruwan sama ba. Ta kai bakinta kunnensa.

"Ni na kulle ka, Baba. Ni da hannuna. Ina can ina neman ka a Aƙiƙ."

"A Aƙiƙ? Ke da kika ce ba zuwa?" Ya yi dariya har da tari. "Ni na ji magana, ke kika ƙi ji."

"Sandar fa?"

"Da me zan zunguri indararo, da yatsa? Kuma bayan firji ba maɓoya ba ce. Nan uwarki take ɓoye min sukari."

Ta yi dariya da hawaye a haɗe. Ta ce ya tashi su sauka kafin sanyi ya kama shi. Ya miƙe da taimakonta, amma maimakon ƙofa sai ya ja ta wajen katanga.

"Tsaya tukuna. Dubi."

Ruwan ya koma yayyafi, gefen yamma ya fara washewa. Ta tsakanin gidaje biyu ana hango kwarin, cike maƙil, yana tafiya, har da kan magaryar nan. Khalida a gidan aka haife ta, amma ba ta taɓa sanin ana ganin Aƙiƙ daga samansa ba. Shanya kawai take hawa yi.

"Tun yana tahowa na gan shi," in ji Baba. "Na ce Ƙaltume, ga shi ya kawo, ba ki nan." Ya goge fuska da hular, wadda ta fi fuskar jiƙa. "Ni ba faɗawa nake so in yi ba, Khalida. Gani kawai."

Khalida ta sauka ta ɗauko busasshiyar jallabiya da bargo da maganinsa. A hanya ta leƙa ɗakin sama inda ta tara kayan gidan kaf, silin ɗin a bushe, ko ɗigo babu. Ta taimaka masa ya sauya kaya a ƙarƙashin rumfar, ta kwance kujera ɗaya ta zaunar da shi ta inda zai fi gani, ta naɗe shi har wuya.

Wayarta ta yi ƙara. Suhaib ne, muryarsa a sama, ya ce ya iso gaɓa, ta wane gefe suke?

"An same shi, lafiya lau. Taho gida, ka hawo suɗuhu."

"Suɗuhu? Esh yake yi a suɗuhu?"

"Aikinka," ta ce, ta kashe.

Baba ya leƙo daga cikin bargo. "Tunda an zo kallo, ba shayi?"

"Da na'ana'a?"

"Da na'ana'a."

Wannan kam ya ji ta ba abin ji a kunne. Khalida ta ɗauki sandar ta wanke bakinta a ruwan da ke gudu, ta ɗora masa a cinya. Da ta kai ƙofa sai ta tsaya, ta jawo wani bulo da ƙafa, ta tokare ƙofar a buɗe, sannan ta sauka neman fulas ɗin mahaifiyarta a cikin kayan da ta kai sama.