Tafarnuwar Tabuka

Shekara tara Na'ibi yana dakon buhunan tafarnuwa a wani sito a unguwar masana'antu ta Jidda, kuma babu buhun da ya taɓa hawa kafaɗarsa bai kushe shi ba. Wannan an cire ta ba ta nuna ba, waccan an cika mata ruwa. Mutumin Wurno ne, a fangalin tafarnuwa ya buɗe ido. Umra ta kawo shi Jidda, ya ƙi komawa. Abokan aikinsa sun sha labarin gonar mahaifinsa har sun ƙoshi, da ya fara sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa sauraronsa har ƙarshe, wato Abdallah, Bahaushen Sudan mai shago a unguwar Hindawiyya, wanda ke sarin kaya a siton. Abdallah ya kama hayar fili a wajen Tabuka, can arewa inda ruwa kan kwana a bokiti ya daskare, ya kuma sayi iri na ƙasashen sanyi. Ya yi wa Na'ibi alkawari cewa in tafarnuwar ta yi, zai san yadda zai kai shi gonar ya zauna, ya huta da dako. Na'ibi na bukatar wannan hutu. Shekarunsa hamsin da shida, gwiwar hagu ta fara yi masa gardama, mai siton kuma ya soma bin tafiyarsa da kallo.

Sai dai Na'ibi ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma tsakanin Jidda da Tabuka shingayen bincike ba sa ƙirguwa. Abdallah ba zai saka kansa a wannan haɗari a kan gwaji ba. Don haka aka yi noman ta waya. Yahya, ma'aikacin gonar, shi ke ɗaga wayar yana nuna ƙasa, Na'ibi kuma daga ɗakinsa a unguwar Mahjar, fanka na kaɗa masa zufa, yana ba da umarni: a ɓare kan, a zaɓi manyan ƙwayoyi, tsini ya kalli sama, tazarar taƙi guda. A waɗannan makonni ya ji daɗin ransa fiye da duk shekarun da ya yi a ƙasar.

Wanda ya sayar da irin ya ce a dasa kafin sanyi ya kankama, a lulluɓe da ciyawa, a kuma rabu da ita sai zafi ya dawo. Da Abdallah ya isar da saƙon, Na'ibi ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin amfanin gonar da ake rufewa a juya masa baya ba. Ciyawar dai ya amince a zuba, tunda ba za ta cutar da komai ba.

Tafarnuwa ta tsiro kore shar. A tsakiyar Janairu sanyi ya sauka kwana huɗu a jere. Safiya ta biyar Yahya ya ɗaga waya, Na'ibi ya ga ganye ya yi ruwan ɗorawa, ya kwanta a ƙasa.

Ya san wannan kwanciya, ko kuma ya ɗauka ya san ta. Yana saurayi ganyen gonarsu ya taɓa kwantawa haka tun lokaci bai yi ba. Mahaifinsa ya ce a jira mako guda, ashe ruɓa ce ke ci ta ƙasa, suka tashi ba amfani ba iri. Sanyin da Na'ibi ya sani a duniya shi ne na ƙara riga ɗaya da asuba. Bai taɓa ganin wanda ke ƙona ganye ya bar saiwa ba, kuma girman kai bai bar shi ya ce a tono guda ɗaya a duba ba.

Abdallah ya tambaya ko a sake tuntuɓar mai irin.

"Alhaji, a tone ta yau," in ji Na'ibi. "In aka kai jibi, ko iri ba za ka samu ba."

"Halas, shi ke nan, kai ka sani, Malam Na'ibi."

Bayan kwana uku wata motar kaya ta sauke buhu guda a siton. Na'ibi ya ja shi bayan gini, ya kwance. Ya zura hanci yana neman warin ruɓa, bai ji ba. Kowace ƙwaya tauri gare ta, ga saiwa fara tas, doguwa kamar gemun tsoho. Lafiyarta ƙalau aka tumɓuke ta. Kunya ta rufe shi. Da Abdallah ya kira, sai Na'ibi ya ce masa an yi sa'a an tsirar da iri. Irin kuwa, da yake ya riga ya fitar da saiwa, cikin mako biyu ya yamushe.

Abdallah bai ƙara ta da maganar gona ba. Na'ibi ya ci gaba da dako, yana ɗaure gwiwa da tsumma a ƙarƙashin wando. Ya daina kushe buhuna, abokan aiki har suka fara tambaya ko ba shi da lafiya.

A watan Mayu Abdallah ya zo sarin kaya. Ya kira Na'ibi gefe, ya ciro kan tafarnuwa guda daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu. Ya cika hannun. Ba tare da wani zargi a muryarsa ba, ya faɗa masa cewa daga gonar ne, kuma baɗi wani tsohon manomi ɗan yankin ne zai kula da ita.

Na'ibi ya ɓare kan da babban yatsa. Ƙwayoyin manya, a jere, fatarsu da ratsin ja. Tun yana yaro bai taɓa riƙe mai kyanta ba. Ya daɗe yana juya ta kafin ya tambayi abin da aka yi mata ta zama haka.

"Wallahi ba komai," in ji Abdallah. "Layi ɗaya ne a jikin katanga, ciyawa ta rufe shi. Ranar tono Yahya bai gan shi ba."