Hular da Ke Kujerar Baya

Mun baro tsoho a ƙofar fadar Pena, tsohon gidan sarakuna da ke kan dutsen Sintra, muka yi rabin yini muna yawo da hularsa muna cewa barci yake yi. Abin da ya faru ke nan. Mu huɗu ne a motar, manya masu hankali, kuma ba wanda ya sha ko kurɓi ɗaya.

Ni ne direba, sunana Belmiro. Custódio, mijin ƙanwata, shi ne mai yi wa baƙi jagora da bayani. Shi ya yi karatu har yana jin yarukan waje, ni kuwa daga firamare gareji na faɗa. Motarmu baƙa ce, kujeru layi uku, gilashi mai duhu, irin wadda kowane direba yake da ita a Sintra. Iyali ɗaya muke ɗauka a rana. Fada da safe, bakin teku da rana, kafin duhu mu mai da su Lisbon.

Custódio yana da wata doka tasa: ba ya ƙirga baƙi. In na ce masa ya riƙa ƙirgawa, sai ya harare ni.

"Kai Belmiro, tumaki ne? Masu manyan bas ke ƙirga kai. Wanda ya ɗauki mota shi da iyalinsa ya san nasa."

Ba shi kaɗai ba, duk masu ƙananan motoci haka suke yi. Suna ganin raini ne ka nuna baƙo da yatsa.

Ran nan baƙinmu uku ne. Hélder, ɗan ƙasarmu ne amma a Luxembourg ya girma, da matarsa Odete, da mahaifinsa Anselmo, tsoho tukuf wanda mantuwa ta fara ci. Tun a ƙofar otal Hélder ya ja mu gefe ya ce saboda tsohon aka yi tafiyar. A Lapa Velha aka haife shi, wani ɗan ƙauye a saman gaɓar teku, kuma rabonsa da can tun yana saurayi. Yana so ƙauyen ya zama na ƙarshe, da yamma, kada kowa ya gaya wa tsohon.

Tsohon ya zauna can baya shi kaɗai. Muna fita gari ya ɗaga murya.

"Kai yaro, ruwa ya janye?"

Na kusa sittin, amma na amsa. "Wane ruwa, Baba?"

"Tekun mana! In ya janye ba a zama."

"Baba, gidan sarki za mu fara zuwa," in ji Hélder.

"Sarki ya san da zuwanmu?"

Custódio ya juya yana dariya. "Ya sani, Baba. Tun jiya yake share-share."

A ƙofar fada ba a tsayawa. Ka sauke, ka wuce, na bayanka ya matso. Custódio ya ce su bar manyan rigunan sanyinsu a mota, don hawan zai sa su gumi, su bar huluna kuma, don iskar saman nan ba ta barin hula a kai. Suka tara komai a kujerar baya, tsohon ya ɗora hularsa a sama. Da idona na ga su huɗu sun nufi ƙofa. Na ja mota na gangara wurin da direbobi ke jira, na sha kofi.

Abin da ban sani ba, sai daga baya, shi ne tsohon bai hau ba. Custódio da Hélder sun yi gaba wajen shiga, tsohon ya tsaya ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Odete ta waiwaya, ta ga baƙar mota a ƙofa, ta ce masa, "Baba, ga motarmu can, je ka kwanta." Ta tsaya har ta ga ya shiga. Ta bi su ta ce Baba ya koma wurin direba. Aka ce madalla.

Da Custódio ya kira ni na dawo, layin motoci ya kai har kwana, ana ta hon. Idona yana kan madubi da motar da ke matsa mini. Na ji ƙofa ta zuge, na ji ta rufe.

"Kowa ya shigo?"

"Ja mu je, kai dai. Kana so a cinye mu?" in ji Custódio.

Odete ta leƙa baya, ta ga tulin riguna da hula a sama, ta sa yatsa a baki. "Ku yi a hankali, Baba na barci."

Ni na ɗauka hawa ne ya gajiyar da shi. Su sun ɗauka tun safe yake tare da ni. Ba wanda ya tambayi wani. Har rediyo na kashe.

Haka muka gangaro daga dutse muna raɗa kamar a coci. A Cabo da Roca, bakin teku, suka fita ɗaukar hoto, Hélder ya ce a bar Baba ya huta. Na zauna a mota, na zuge gilashi kaɗan don iska ta shigar masa. Ni, Belmiro, na zauna ina gadin riguna. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Sai da muka isa gidan abinci kusa da Cascais, aka kawo gasasshen kifi, sannan Odete ta ce, "Malam Belmiro, don Allah taso mana Baba, kada kifin ya huce."

Na buɗe ƙofa. "Baba, abinci."

Shiru.

"Baba Anselmo?"

Ko motsi babu, ba na kuma jin numfashi. Na ce shi ke nan, tsoho ya mutu a motata. Na miƙa hannu na taɓa inda nake zaton kafaɗa ce. Hannuna ya nutse. Hular ta gangaro ta faɗi ƙasa. Na yaye riga ta farko, na yaye ta biyu, na yaye duka, har ƙarƙashin kujera na duba kamar kyanwa nake nema.

Ban san yadda na koma ciki ba. Na tsaya a kansu da hula a hannu.

"Ba ya nan."

"Ya shiga bayi ne?" in ji Hélder, bakinsa cike.

"Na ce ba ya nan. Yaushe kuka saka shi a mota?"

"Mu? Ai tun safe yana wurinka!"

"Wurina? Da ku ya hau!"

Odete ta miƙe, kujera ta kife. "Na ga ya shiga! Wallahi na ga ya shiga, baƙar mota ce!"

"Uwargida," na ce, "a Sintra wace mota ce ba baƙa ba?"

Ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Custódio kuwa, sarkin surutu, fuskarsa ta koma kamar farar takarda. Hélder ya shaƙo rigata, na ture hannunsa, na ce faɗa sai anjima. Na hau kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya. A wajen Firmino na dace.

"Wani tsoho ba hula? Ai ni na ɗauke shi. Ina juyowa na tarar da shi zaune a gaba kamar motar ubansa."

"Ina ka kai shi?"

"Gida mana. Ya ce shi ɗan Lapa Velha ne, kuma da jin maganarsa ka san ɗan can ne. Hanyata ce, na sauke shi a bakin coci. Har albarka ya sa mini. Lafiya dai?"

Ban ga laifin Firmino ba. Al'adarmu ce. Baƙi sun cika bas ɗin dutsen nan, 'yan gari ba sa samun wuri, don haka in ka ga tsoho na gida kana rage masa hanya ba tare da tambaya ba. Ni ma da haka zan yi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin rana ta take. Kai, me ya faru?"

Na kashe waya. Hélder ya sauke ajiyar zuciya, ya ce tunda ƙauyensu ne ai da sauƙi, wataƙila yana zaune a dandali. Ni kuwa sai maganar safe ta faɗo mini.

"Yallaɓai, me Baba yake yi a ƙauyen kafin ya tafi?"

"Percebes yake ɓamɓarowa."

Ni da Custódio muka kalli juna. Duk ɗan gaɓar nan ya san ba a samun waɗannan 'yan halittun teku masu ɓawo, da ake ci ake sayarwa, sai a jikin dutse, can ƙasa, inda teku ya fi duka. Ana sauka in ruwa ya janye, a hau kafin ya dawo. Kuma a lokacin ya riga ya fara dawowa.

Ban taɓa yin gudu a hanyar nan kamar ran nan ba. Custódio ya kira 'yan kwana-kwana muna tafe, suka ce ga su nan, amma da nisa. A bakin coci wata tsohuwa ta ce ta ga wani baƙo ya ari guntun ƙarfe a jikin shingenta ya bi tsohuwar hanyar gaɓa, wadda aka daina bi tun da ta zaftare.

Muka leƙa daga sama. Wayyo Allah. Ga shi can ƙasa, ƙarami kamar tsuntsu, ba takalmi, ya naɗe wando, ya durƙusa a kan wani faffaɗan dutse yana ta sara da ƙarfe. Mutumin da ya kasa hawan fada! Yadda ya sauka, Allah kaɗai ya sani. Tsakaninsa da gindin gaɓa ruwa ya riga ya shiga, yana zuwa yana komawa, fari fat da kumfa.

Hélder ya yi ta ƙwala kira, "Baba! Baba!" Teku ya haɗiye muryar. Hélder ya taka hanyar, ya kalli ƙasa, ya zauna daɓas yana kuka. Ba zan zage shi ba, wurin ba na kowa ba ne.

Na ɗauko igiyar jan mota. Na ce ni zan sauka.

"Da wannan tumbin?" in ji Custódio, yana cire kwat. "In ka faɗa wa zai jawo ka? Ƙato, riƙe igiya, abin da ka iya ke nan."

"Jira 'yan kwana-kwana."

"Su zo su ɗauki gawa?"

"Custódio, takalmin fata ne a ƙafarka."

Ya tuɓe su ya miƙa wa Odete. "Riƙe mini, uwargida, sababbi ne."

Muka sauka tare har zuwa wani ɗan tudu da ke da tsohon turken ƙarfe. Nan na ɗaura igiya, Custódio ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, na zauna na kafa ƙafa. Shi ya ci gaba. Ya jira ruwa ya koma, ya tsallaka da gudu, ruwa har cinya. Na ga ya dafa tsohon, na ga tsohon ya fizge. Suka tsaya suna musu a wurin da ba a tsayawa. Daga baya ya gaya mini tsohon cewa yake, "Wurina ne, nemi naka!" Sai da ya ce masa mai saye yana sama yana jira, zai tafi, sannan ya yarda.

Custódio ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa tsohon. Na yi ihu kada ya yi haka, bai ji ba. Ya goya shi, suka shiga ruwa, yanzu har ƙirji. Ina ja, igiya tana yanka mini tafi. Suka iso gindin gaɓa. Custódio ya tura shi sama da kafaɗa, na jawo shi kamar buhu har gabana. Tsohon ya kalle ni, haƙoransa na kaɗawa, aljihunsa cike da abin da ya ɓamɓaro.

"Kai ne mai sayen?"

Na hau kwance igiyar don in jefa wa Custódio. Ya ɗago kai yana murmushi, ya miƙo hannu, bayansa ga teku.

Na ga taguwar tun tana nesa. Ta fi duk na baya. Na kira sunansa da duk ƙarfina. Ta ɗauke shi gaba ɗaya, ta maka shi da dutse, ta ja shi, ta sake makawa. Duk da rurin tekun na ji ƙarar. Da ruwa ya koma, sai ga shi a maƙale cikin wata tsaga, a lanƙwashe ta inda mutum ba ya lanƙwasuwa, idonsa a buɗe.

Yadda na kai gare shi ban sani ba. Na ɗaura masa igiya a hammata, na riƙe kansa sama da ruwa, taguwa tana dukanmu, har 'yan kwana-kwana suka iso. Yana ta ce mini, "Belmiro, ina ƙafafuna? Duba mini, ruwa ya tafi da su ne?" Na ce suna nan. Ya ce ƙarya nake yi. Da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke shi.

Tsohon ko mura bai yi ba. Washegari da aka tambaye shi, ya ce bai je ko'ina ba. Hélder da Odete sun zo asibiti sun yi kuka sosai, hutunsu ya ƙare, suka koma Luxembourg da tsohon.

Likita ya ce ƙashin bayan Custódio ya karye, laka ta tsinke. Custódio bai kai hamsin ba, 'ya'yansa mata biyu suna makaranta. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, kuma ba zai sake ji ba. Ƙanwata ce ke juya shi a gado, ni nake zuwa da safe in ɗaga shi in ɗora a keken guragu.