Ƙirjin Wannes da Ciyawar Yuni

Ni Godelieve ban yi boko ba, a masaƙa na ƙare ƙuruciyata, amma in an cuce ni ina ganewa. Shi ya sa ranar Talata na zura kwat ɗin zuwa coci, na hau bas zuwa rumbun da ƙungiyar ɗana take ajiye kekuna.

Ɗana Wannes tseren keke ne sana'arsa. Ba ya cikin masu lashewa. Aikinsa ya tare wa jagoransu iska, ya koma motar ƙungiya ya ɗebo gorunan ruwa ya cusa a riga, ya sake kamo su a kan tudu. Duk Yuli yana cikin waɗanda ake kaiwa babban tseren Faransa mai mako uku. Amma kafin nan, a Yuni, sai kowa ya yi tseren share fage na mako guda, a ga ƙarfin ƙafarsa. Akwai na kudancin Faransa a farkon wata, akwai na Switzerland bayansa. Wannes ba ya zuwa Switzerland. Lokacin ake yankan ciyawa a kwarin ƙasar, shi kuwa tun yana jariri ƙurar ciyawa ke shaƙe masa ƙirji. Har mai wanke musu kekuna ya san wannan.

Bana can aka kai shi. A mashayar Romain na kalla, inda magoya bayansa na garinmu suke taruwa ƙarƙashin hotonsa. Na ga ɗana baki buɗe kamar kifi a tudu, ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Da aka fitar da sunayen masu zuwa Faransa, babu nasa. Ga shi Romain ya riga ya kama mana bas ta Yuli, kamar kowace shekara. Shekarun Wannes sun ja, wa ya san ko akwai baɗi?

Na tarar da Lieven, mai tsara musu tsere, yana ƙirga tayoyi.

"Madam Godelieve! Ga kujera. In haɗa miki kofi?"

"Sha abinka. Kai ne ka tura min yaro cikin ciyawa?"

"Zauna mana tukuna."

"A tsaye na haife shi, a tsaye zan ji. Ka mayar da sunansa, ko in zauna a ƙofar nan har 'yan jarida su zo."

Ya ajiye tayar, ya murza ido. Shi ma duk ya yamutse, kamar ba sa'an ɗana ba.

"Kin san al'adarmu. Lokacin hunturu muke zama da kowane mahayi, ya faɗi tseren da yake so kafin Yuli. Ni kudancin Faransa na ce masa. Shi ya ce Switzerland."

"Ƙarya kake, ɗan nan."

"Na ce, Wannes, ƙirjinka fa? Ya ce ya fi ni sanin ƙirjinsa."

"Kai kuma sai ka bar shi? To mene ne amfaninka?"

"Ni ma a da mahayi ne, na ɗebo ruwan nan, Madam. In tsohon mahayi ya zaɓi tseren da ya san zai kayar da shi, ba na tambayarsa dalili."

Na zage shi duk da haka, na fito. Na hau bas.

Na wuce gidan Wannes. Yana kicin, yana lafta wa burodi man shanu. Mutumin da a Yuni ko shinkafa sai ya aza ta a sikeli.

"Ina za ka kai wannan man?"

"Ciki, Mama."

"Daga wajen Lieven nake."

Ya ajiye wuƙar. Bai musa ba.

"Don me?" na ce. "Ba ka da baki? Ka ce ba ka zuwa mana!"

"In ce wa wa? Romain, da ya kama bas? Ke, da kike toya wainar shinkafa tun ana saura mako? A garin nan ba a cewa an gaji da tseren Faransa, Mama. Sai dai a ajiye mutum." Ya dubi hannuwansa, duk tabon faɗuwa. "Bara ina gangarowa daga dutse, na ji ba abin da nake so irin in tsaya in zauna a bakin titi. Har yau ban daina jin haka ba."

Na so in mare shi. Tun yana ƙarami nake tsayawa cikin ruwan sama a bakin hanya saboda shi, gwiwoyina shaida ne. Sai na ga wuyansa, siriri kamar na kaza. Na ja kwanon man na ƙara masa.

Da yamma na shiga mashayar Romain. Duk suka juyo.

"Yaya, Godelieve? Kin ci masa mutunci?"

"Na ci," na ce. "Lieven ne ya kai shi cikin ciyawa, sakarai. Ku sallami mai bas."

Suka hau tsine wa Lieven. Na bar su. Shi Lieven ya yarda a zage shi, ni kuma ina buƙatar wanda zan zaga. Na nemi kujera na zauna.