Rabon Gidan Wada

Da ƙafa Kadijatu ta ture ƙwaryar, ko sunkuyawa ba ta yi ba. Ƙwarya ta gangara ta gaban matan da ke jere, ta je ta kife a bakin kwata. Mai ita kuwa, Ikilima matar Wada, tana tsaye da goyo a baya, ta kasa ko ɗaga ido.

Safiyar Juma'a ce, ranar rabo a gidan Inna Azumi. Wannan tsohuwa ita ta fara abin shekara biyu da suka wuce, lokacin da mutanen ƙauyuka suka riƙa kwararowa Sabon Birni da tabarmi a ka, 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu. Tana da rumbu a tsakar gida wanda ya zauna wayam tun rasuwar mijinta. Sai ta bi gida gida tana roƙon mata, duk wadda za ta yi daka ta ware dintsi guda, dintsi guda dai ai ba ya hana tuwo kauri. Alhamis a kawo a zuba, Juma'a a raba wa marasa shi. Kun san mata in suka sa kansu abu. Gida talatin da 'yan kai suka shiga, har da Hajiya Safiyatu matar liman.

Inna Azumi ta sauko daga tsanin rumbu tana dafa gwiwa.

"Kadijatu, mi yay yi zahi?"

"Inna, hatsinmu ba ya shiga cikin ɗan leƙen asiri. Ta tambayi mijinta ina yab baro nawa mijin."

Ga abin da ya faru. Da damina 'yan bindiga suka kwashe maza huɗu a gona wajen Gatawa, ciki har da Wada da Kassimu mijin Kadijatu. Bayan mako bakwai Wada ya dawo shi kaɗai, da ƙafarsa, ba wanda ya kai fansa. Ya ce ruwan sama ne ya kori masu gadi, ya zame sarƙar ya yi ta gudu. Kwana biyu ana zuwa yi masa barka. A na uku wani ya tambaya a majalisa, wai yaya sarƙar mutum ɗaya ta zame ta bar ta uku? Ba a jima ba aka afka wa wani ƙauye, sai aka ce to ga amsar.

Inna Azumi ta je da kanta ta ɗauko ƙwaryar, ta goge da gefen zane, ta cika ta. Ta ce rumbunta bai san laifin uban kowa ba, yunwar ɗiya ya sani. Mata suka karɓi nasu suka watse, fuska a murtuke.

* * *

Alhamis ta zo, gida huɗu suka kawo. Ta gaba, biyu.

Hajiya Safiyatu ta shigo da la'asar, aka gaisa, aka tambayi ƙafa da jikoki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta cikin murya mai laushi. Mata sun ce ba za su ciyar da wanda ya sayar da mazansu ba. Ita dai 'yar aike ce. In an cire gidan Wada, komai zai koma yadda yake.

Bayan ta fita tsohuwa ta hau tsani ta leƙa. Gindin rumbu ta gani, da ɗan gero ya taru a gefe, wanda ko kaji ba zai ƙosar ba. Gida goma sha tara ke ci daga nan. Akwai makauniya, akwai mai jego, akwai ita Kadijatun da 'ya'ya shida. Ta daɗe a kan tsanin nan tana jujjuya abin, ta rasa ta inda zai fito da kyau.

Washegari tun kafin a jeru ta tafi kangon da su Ikilima ke zaune, gini ne da ba a ƙarasa ba, an toshe tagogi da buhuna. 'Yan mata biyu, Sadiƙa da Habi, suna zaune a ƙasa suna tsotsar ƙwallon goruba da ya riga ya yi fari.

"Ɗiyata, ki yi hanƙuri. Kar ki taho yau. Sai abin ga ya lafa."

Ikilima ta ce to. To kawai, Allah sarki, har ta rako ta bakin ƙofa. Bayan tabarmar da aka rataya Inna Azumi ta hango ƙafafun Wada a miƙe, idon sawunsa duk gyambon sarƙa, ƙuda na bi. Ya ji komai.

* * *

Kada ku ce tsohuwa ta manta da su. Takan rage tuwonta ta kai a ɓoye cikin mayafi, amma tuwon tsohuwa guda nawa yake? Wada ya je kasuwa ɗaukar kaya, ba wanda ya kira shi. Ya ari kura ya yi tallan ruwa, aka bar shi da ruwansa. A masallaci, in ya shiga sahu, na gefensa kan matsa.

Da gero ya nuna, ya ce wa matarsa zai je gonarsa. Ta riƙe masa riga, ta ce ai ya san su wa ke kwana a gonakin nan, in yunwa ce a mutu tare.

"Za ni in yanko ko dami guda," in ji shi. "Ni nash shibka shi, Ikilima. Wannan dai ba mai ture maki shi."

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Aka ce kun gani, ya koma wurin iyayen gidansa. Har waɗanda da suke shakka suka gyaɗa kai.

Kwana huɗu, 'yan sa-kai suka kawo shi a amalanke. A bakin gonar suka tsince shi, harbi biyu a baya, ya tara zangarnu bai kai ga ɗaurewa ba.

Jana'izar nan ta yi mutane, sahu har waje. Kowa ka ji yana cewa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba, Wada mutum ne mai haƙuri. Ranar Alhamis kuwa sai da Inna Azumi ta nemi ƙarin buhu, har waɗanda ba su taɓa kawowa ba suka kawo.

* * *

Ikilima na takaba, ba ta fita. Aka ce a fara auna nata a kai mata, mata suka ce ƙwarai kuwa, marayu ai su ne gaba. Da kai ake rabon, gwangwani guda ga kowane mutum. Inna Azumi ta shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ta fara zubawa. Ta zuba biyar, ta kama bakin ƙyallen za ta ƙulle.

Hajiya Safiyatu ta taɓa kafaɗarta a hankali.

"Inna, huɗu na yanzu."

Tsohuwa ta dubi geron. Ta sake buɗe ƙyallen, ta cika gwangwani guda, ta share bakinsa da yatsa, ta juye shi cikin buhu. Matar da ke biye a layi ta matso da kwanonta.