Asabar ɗin Harm

A siton da nake aiki, can bayan garin Zwolle, ba a taɓa tilasta wa kowa komai ba. Manajanmu Diederik ma ba ya yarda a ce masa maigida, sai dai a kira shi da sunansa kamar ɗan ƙanwarka. Shi ya tara mu ya ce za a fara ba mu horo kan yadda ake ɗaga kwali ba tare da an karya baya ba. Zuwa ganin dama ne, in ji shi. Sai dai wanda bai je ba, na'urar da ke raba mana aiki za ta daina sa shi a aiki, kuma ba laifin kowa ba ne, haka aka ƙera ta. Ranakun Asabar da safe za a riƙa yi, ba kuma za a biya ba, domin ilimi kyauta ce kamfani ke ba mu, kuma ba a biyan mutum don ya karɓi kyauta.

Ni Riet, tun mai horar da mu yana rarrafe nake ɗaga kwali. Na yi tsaki na haƙura. Harm, wanda muke ɗaure kaya a layi ɗaya, shi ne ya kasa haƙura. Sun rabu da matarsa Annelot, kuma Asabar kaɗai yake samun 'yarsa Minke. Tun Asabar ta farko da ya je ɗaukarta a makare, Annelot ta gaya masa ba za ta riƙa zaunar da yarinya a bakin taga da jaka a baya ba. In aikinsa ya fi, ya faɗa, a sake tsari.

Ranar Litinin Harm ya tare Diederik ya ce masa, in dole ne a biya su, in ba dole ba ne a bar masa ranarsa. Na ɗauka manaja zai ɓata rai. Ina! Murna ya yi, har da dafa masa kafaɗa. Ya ce irin wannan faɗin gaskiya ake so, kuma magana mai nauyi haka ba ta mutum ɗaya ba ce, sai an zauna kowa ya faɗi ra'ayinsa. Nan take aka kafa kwamiti: Harm da ya kawo maganar, da ni, da tsoho Sjaak mai tuƙa motar ɗaga kaya. Tunda lokacin aiki na aiki ne, aka sa zaman kwamiti ranar Asabar, bayan an tashi daga horo. Shi ma ba a biya.

Haka Harm, da ya je neman safiyarsa, ya dawo ya rasa har da ranarsa. Mu a nan ba ma iya yanke ko farce sai an yi taro. A zaman farko sunan kwamitin muka tattauna. A na biyu, ko lokacin ɗaura takalmin aiki yana cikin horo. Kowane zama a ba ka kofi da biskit ɗaya, a rufe gwangwanin a gabanka. Diederik yana gyaɗa kai yana cewa ya ji, ya fahimta, zai tafi da shi sama. Ban san me ke saman nan ba, abin da ya hau dai ba ya saurin saukowa.

Zaman ƙarshe ya faɗo ranar da Minke za ta yi jarrabawar iyo. Tun bara take koyo, kuma ta sa ubanta ya rantse zai tsaya a bakin ruwa lokacin da za ta faɗa ciki da riga da takalmi, kamar yadda ake yi a jarrabawar iyo a nan. Harm ya so ya ƙi zuwa taron, amma aka ce ba a yanke shawara sai kowa na nan, kuma kuɗin dukan ma'aikata a kansa yake. Na ce masa kada ya damu, da motata na zo, muna tashi zan kai shi.

Abin mamaki, Diederik bai ja mu ba. Ya ce sama ta amince, za a biya horon da aka yi. Ya ƙara da cewa an kuma gano ragowar darussan ba sa buƙatar Asabar ko ɗaya, ɗan gajeren bidiyo ne, kowa ya kalla a wayarsa. Ashe ilimin da yawa ne kawai lokacin da yake kyauta. Harm ya riga ya miƙe, hannu ɗaya a cikin rigar ruwansa.

“Tsaya mana, Harm,” in ji Diederik. “Ba mu yi zagayen ƙarshe ba.”

Ba a tashi taro a ƙasar nan sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya an tambaye su ko da sauran magana. Na ce ba ni da ita. Harm ya ce ba shi da ita. Aka zo kan Sjaak, wanda tun da aka fara zaman nan bai taɓa cewa uffan ba. Ya gyara zama, ya ce tunda an tambaye shi, injin kofin nan na ƙasa ya daɗe yana ci masa rai. Ya faro daga shekarar da aka sayo shi. Diederik ya ce magana ce mai muhimmanci, ya tambayi ra'ayin kowa. Na taka ƙafar Sjaak a ƙarƙashin tebur, amma takalmin aiki ne, mai ƙarfe a baki, bai ko ji ba. Harm kuwa, da tarbiyyar da aka yi masa, tsaye ya yi a bakin ƙofa yana jira tsoho ya kai aya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har da shi Harm ɗin.

Muna isa wurin iyon yara suna fitowa da jiƙaƙƙen gashi. Minke na tsaye da takardar shaidarta, sabon mijin uwarta yana ɗaukarta hoto. Harm ya durƙusa a gabanta yana haki.

“Baba, kun gama taron?”

“Mun gama, 'yata. Mun ci nasara.”

“Ni ma na ci,” ta ce. “Na duba wurin da ka ce za ka tsaya.”

Annelot ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa dai za su yi magana a kan tsarin Asabar, ta kama hannun yarinyar suka nufi mota. Na ji tausayinsa har na kasa kallonsa, na koma na tayar da tawa motar.

Ƙarshen wata kuɗin horon ya shigo, kowa na yi wa Harm godiya, Sjaak har da kawo masa kek. Yanzu sau ɗaya a wata yake ganin Minke, ranar Lahadi. Rannan na ji shi yana roƙon Diederik ya riƙa sa shi aikin Asabar, ya ce zaman gidan ne ba ya iyawa. Diederik ya ce babu matsala, wannan kam ana biya.